Manhajar Karatun Jami'a Amana Ce A Wuyan Malami

 A filinmu na wannan mako za mu duba wata 'yar takarda ce wadda ba ta wuce shafi biyu ko uku ba, amma kuwa wahalar uba da ta ɗansa ta shekara huɗu ko biyar duk a jikinta ta ke rataye. Ita ce takardar da malamin jami'a ya ke tsara darasinsa a ciki tun kafin ya shiga aji, ya faɗi abin da zai karantar mako-mako, da littattafan da za a karanta, da yadda zai auna ɗalibai a ƙarshe. Galibin iyaye ba su taɓa ganinta ba, wasu ma ba su san ana yinta ba. Abin da ya fi wannan ban takaici shi ne, ɗalibai da yawa su kan gama zangon karatu sukutum ba wanda ya miƙa musu ita.

Kowane ɗan kasuwa ya san ba a ba da kuɗin kaya sai an san irin kayan, da yawansu, da ranar da za su iso. Ma'aikacin Gwamnati kuma ba ya sa hannu a biya ɗan kwangila sai ya gwada aikin da aka yi da takardar yarjejeniya ya ga sun dace. To, ga uba yana tatsar jarinsa ko albashinsa yana biyan kuɗin rajista, da na ɗaki, da na abinci, shekara da shekaru, alhali kuwa bai san abin da aka yi alkawarin koya wa ɗansa ba, shi ma ɗan bai sani ba. A bakin 'yan kasuwa wannan shi ne cinikin biri a sama, malaman fiƙihu kuwa cinikin garari su ke kiran irinsa.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu rarrabe manhaja iri biyu, domin sau da yawa a kan cuɗa su. Akwai babbar manhaja, watau jerin dukkan darussan da ɗalibi zai bi tun daga shekarar farko har ya sami digiri. A Nijeriya wannan tana hannun Majalisar Malamai ta kowace jami'a, tare da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda a ke kira NUC. An kafa Hukumar a 1962 don ta riƙa ba Gwamnati shawara, aka ba ta ƙarfin doka a 1974, sa'an nan Dokar Soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba ta ikon shata mafi ƙarancin abin da kowace jami'a za ta karantar. Bisa wannan iko ta fitar da ma'auninta na farko a 1989, ta sabunta shi a 2007, kuma cikin watan Disamba na 2022 ta fitar da wani sabo mai ƙunshe da fannoni 17. A wannan sabon tsari Hukuma ta riƙe kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da buƙatun inda ta ke. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ce ba ta yarda ba, domin a ganinta an ƙwace wa Majalisar Malamai haƙƙinta.

Wannan gardama ta manya ce, tana kuwa da muhimmanci. Sai dai babbar manhaja ba ta shiga aji da ƙafarta. Abin da ta kan faɗa game da kowane darasi 'yan layuka ne, kamar yadda maigida zai ce wa magini yana son ɗaki uku da zaure. Wanda zai mai da 'yan layukan nan karatu shi ne malami, kuma takardar da ya ke tsarawa don darasinsa ita ce ƙaramar manhaja. Maganarmu ta yau a kanta ta ke.

LITTAFI SHI NE MANHAJAR ZAURE

Kada wani ya zaci tsara karatu baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana. Almajirin zaure a Kano ko Zariya ko Katsina ya san matakalarsa tun ranar da ya fara. A fiƙihu zai fara da Ƙawa'idi, ya shiga Ahalari, da Ishmawi, da Iziyya, ya hau Risala, ya bi ta Askar, kafin ya tunkari Muhtasar. A nahawu zai fara da Ajuruma, ya bi ta Mulha, har ya kai Alfiyya. Ba wanda ya buga wannan jeri a takarda ya manna a ƙofar zaure, amma duk gari an san shi. Idan baƙon almajiri ya zo ya ce ya yi karatu, tambaya ɗaya ta isa a auna shi: wane littafi ka ke, kuma a wane babi ka tsaya? Uban yaro ma, ko da shi ɗan koli ne, yana iya yi masa wannan tambaya ya gane ko ana ci gaba ko ana wasa.

Bugu da ƙari, manyan malamanmu sun kula da rubuta abin da suka karanta, da wanda suka karanta a gabansa. Shehu Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya bayyana cewa ya lazimci malaminsa Muhammadu Bagayogo fiye da shekara goma, ya halarci saukar Muhtasar a gabansa wajen sau takwas, ya kuma yi shekara uku yana karanta Tashili na Ibn Malik. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo shi ma a 1812 ya wallafa wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuhi, inda ya jera malamansa ɗaya bayan ɗaya, tun daga mahaifinsa, da wansa Shehu Usmanu, har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya faɗi littattafan da ya ɗauka wurin kowannensu. Saboda wannan rubutu ne yau, bayan fiye da shekara ɗari biyu, muna iya sanin abin da a ke karantawa a ƙasar Gobir da Zamfara a wancan zamani.

Abin lura a nan shi ne, a tsarin zaure littafi shi ne manhaja, littafi kuwa a fili ya ke. Malami ba shi da halin tsallake babin gado ya ce an sauke Risala, don kowa ya san babin yana ciki.

Da ɗalibai suka yi yawa, aka kuma fara neman shaidar takarda don ba da aikin alƙalanci da na koyarwa, sai tsarin ya canja. A Azhar ta Misira, wadda aka kafa tun a ƙarni na goma, sai a 1872 aka kafa dokar cewa mai son zama malami a can sai ya ci jarrabawa cikin fannoni 11. A 1930 aka raba karatu mai zurfi zuwa kwalejoji uku, na Usuluddini, da Shari'a, da Harshen Larabci, a 1961 kuma aka ƙaro su likitanci da injiniyanci. Mu ma nan hanyar da muka bi ke nan. An buɗe Makarantar Shari'a ta Kano a 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan, ta koma Makarantar Koyon Larabci a 1947, daga cikinta kuma aka tsiro da kwalejin da ta zama Jami'ar Bayero a 1977. A kowane mataki sai aka ƙara barin auna karatu da littafi, aka koma auna shi da awa da shekara.

AWA TALATIN

Ga yadda lissafin ya ke a jami'o'inmu. Zangon karatu mako 15 ne na koyarwa. Darasin da aka ba nauyi biyu, watau awa biyu a mako, awa 30 ke nan gaba ɗaya. Risala kuwa babi 45 gare ta. Malamin da aka ba darasin fiƙihu mai awa 30 ba shi da yadda zai yi ya bi kowane babi, tilas ya zaɓa, ya ɗauki wannan ya bar wancan. Haka abin ya ke ga malamin lissafi, da na tarihi, da na aikin akanta. Zaɓin ba laifi ba ne, shi ne ma ainihin gwanintar malami. Inda matsalar ta ke shi ne idan zaɓin ya tsaya a cikin kansa shi kaɗai.

Domin idan yaro ya dawo gida ya ce ya ci darasin fiƙihu na shekara ta biyu, ba wanda ya san ko ya karanta ciniki, ko ya tsaya a tsarki da salla. Malamin shekara ta uku zai ɗauka an karantar da abu kaza, ya ɗora gini a kan tushen da ba a haƙa ba. Ko kuma malamai biyu su yi ta maimaita babi ɗaya, a bar wani babin ba wanda ya taɓa shi har yaro ya fita. Ran jarrabawa kuma a kawo tambaya daga inda ba a je ba, yaro ya faɗi, ba shi da hujjar da zai kai ƙara da ita. A irin wannan duhu ne sayar da maki ya ke samun wurin ɓuya, da tilasta wa ɗalibai sayen takardun da malami ya buga, da sauran abubuwan da iyayen 'ya'ya mata suka fi kowa fargabarsu. Mun sani malaman kirki su ne suka fi yawa, amma idan babu rubutu, da me za a bambance na kirki da wanda ba na kirki ba?

Ba a banza ba ne aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, watau ta 282 a Suratul Baƙara, ta zamo magana ce bisa rubuta bashi da kafa masa shaidu. Mutane biyu na iya zama masu gaskiya, amma mantuwa da saɓanin fahimta su raba su. Karatun da aka karɓi kuɗinsa yau, za a bayar da shi cikin wata huɗu, shi ma wani nau'in alkawari ne mai ajali, ya cancanci a rubuta shi.

ABIN DA YA KAMATA TA ƘUNSA

Malami mai basira ba ya fara tsara takardar nan da jera kanun darussa. Yana farawa ne da tambayar kansa, me ɗalibin nan zai iya yi bayan mako 15 wanda bai iya ba a yau? Malamin gado zai ce, ina so in an ba shi dukiyar mamacin da ya bar mata, da 'ya, da uwa, da uba, ya raba ta daidai, ya kuma faɗi hujjarsa. Malamin akanta zai ce, ina so in an damƙa masa littafin shige da fice na ƙaramin kanti, ya rufe lissafin shekara, ya fitar da riba ko faɗuwa. Idan wannan ya fito fili, sauran aikin ya yi sauƙi, domin duk babin da ba ya kaiwa ga wannan manufa sai a ajiye shi gefe.

Na biyu shi ne jeri, mako-mako, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi dogon bayani a kan wannan a cikin Muƙaddimarsa. A ganinsa ilmi yana shiga ne sannu-sannu: a fara ba ɗalibi ginshiƙan fanni a taƙaice, a sake komowa da shi da ƙarin sharhi da ambaton saɓani, a komo karo na uku a warware masa duk wani ƙulli. Ya kuma yi gargaɗi cewa yawan littattafai a fanni ɗaya yana hana ɗalibi kaiwa ga gaci, haka kuma taƙaitawar da ta wuce kima tana cutar da shi. Dukkan cututtukan nan biyu muna da su a yau. Wani malamin ya kan jera littattafai arba'in don a ce ya sani, alhali ko biyar daga ciki babu su a laburaren jami'a. Wani kuma ya kan matse fanni sukutum cikin shafi ashirin, a haddace, a zuba a jarrabawa, a manta.

Na uku, littafi ɗaya ko biyu da za a dogara da su, da shafukan da za a karanta kowane mako, da inda za a same su. Ya fi kyau ɗalibi ya fita jami'a ya san littafi guda ciki da waje, da ya fita da sunayen littattafai ɗari waɗanda bai taɓa buɗewa ba.

Na huɗu, ma'aunin maki. A jami'o'inmu da yawa maki 30 na aikin cikin zango ne, 70 na babbar jarrabawa, kuma a kan buƙaci ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. To, maki 30 ɗin nan yaya za a raba su? Gwaji nawa za a yi, a wane mako, kuma wanda rashin lafiya ya hana shi zuwa yaya zai yi? A rubuta duka. A ƙarshe malami ya sa ranar da sa'ar da a ke samunsa a ofis, domin ɗalibi ya san lokacin da ya ke da haƙƙin ƙwanƙwasa ƙofa, ba sai ya yi ta bin malami a hanya ba.

A FITO DA ITA FILI

Rubutawa rabin aiki ne, sauran rabin shi ne bayyanawa. A ba kowane ɗalibi ita ranar farko, a ajiye kwafe wurin shugaban sashe, a kuma sa ta inda kowa zai gani. A wasu ƙasashe an yi nisa a wannan hanya. A 2001 babbar jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT da ke Amurka ta yi shelar za ta zuba manhajojin darussanta a intanet kyauta, kuma zuwa 2007 ta sa na darussa wajen 1,800. A Jihar Teksas kuwa doka aka yi a 2009, wadda ta wajabta wa jami'o'in Gwamnati su sa takardar kowane darasi na digirin farko a intanet cikin kwana bakwai da fara karatu, tare da tarihin karatun malamin da zai koyar. Hujjarsu ita ce, wanda ya biya haraji da kuɗin makaranta yana da haƙƙin ganin abin da ya saya.

Mu ma muna da babbar buƙata ga wannan, musamman saboda kashi 30 da aka bar wa jami'o'i. Nan ne wurin da za a iya shigar da rubuce-rubucen malaman Sakkwato da na Barno, da noman rani, da kasuwancin kan iyaka, da cututtukan da suka fi damun mutanenmu. Darussa ne waɗanda babu wani littafi daga Ingila da zai tsara mana su. Idan malami a Sakkwato ya yi shekara biyar yana gyara darasinsa har ya nuna, don me ɗan'uwansa a Maiduguri ko Yamai zai fara daga tushe? Sabon malami kuma, wanda jiya-jiya ya gama digiri na biyu aka jefa shi aji mai ɗalibi ɗari biyar, ba abin da zai taimake shi kamar ya ga yadda na gaba da shi suka tsara nasu.

Mun san malamai suna da nasu hanzarin, kuma ya kamata a saurare su. Wasu su kan ce, idan na fito da aikina wani zai kwashe ya sa sunansa. Gaskiya ne ana yi. Amma takardar da aka bayyana da suna da kwanan wata ta fi wuyar sata a kan wadda ke yawo a ɓoye, kuma ladabin da muka gada wurin su Malam Abdullahi shi ne, wanda ya ɗauka ya faɗi wurin wanda ya ɗauka. Wasu kuma su kan ce, ina amfanin tsara mako 15 alhali yajin aiki na iya tsinka shi, kamar na 2022 da ya ɗauki wata takwas, a dawo a matse zango? A nan ne ma takardar ta fi amfani, domin ita za ta nuna abin da aka karantar da abin da aka bari, a yi jarrabawa bisa na farko, a sanar da malamin shekara mai zuwa na biyun. Masu cewa za ta ɗaure wa malami hannu kuwa, ba wanda ya hana shi canjawa in ya ga dalili. Sharaɗin kawai shi ne ya sanar da ɗalibai tun da wuri, kamar yadda ɗan kasuwa na kirki ya ke sanar da abokin cinikinsa in kaya za su makara.

Saura ku iyaye da masu riƙon ɗalibai. Idan yaro ya zo hutu, bayan an tambaye shi lafiya da sakamako, a ce ya kawo takardun darussansa. Ko ba ku san fannin ba, kuna iya ƙirga makonni, ku tambaye shi ina aka tsaya, kamar yadda iyayenmu su ke tambayar almajiri babin da ya ke. In ya ce ba a ba su ba, a umurce shi ya roƙa cikin ladabi, shi da 'yan ajinsa, ta hannun shugaban aji. Waɗanda kuma Allah Ya ɗora a majalisun gudanar da jami'o'i, ko a ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ko a Ma'aikatun Ilmi, su sani wannan gyara ne da ba ya bukatar kwangila ko sabon gini. Umurni ne kawai daga Majalisar Malamai cewa kada malami ya shiga aji a makon farko sai da takardar nan a hannunsa, kuma kada a amince da tambayoyin jarrabawarsa sai an gwada su da ita.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri bisa wahalar da su ke sha, Ya ba su ikon sauke amanar da ke wuyansu, Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin. Sai kuma mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.